Ba Kowane Fanel Ne Ke Ƙonewa Ba

Da zarar bazara ta kama, shagunan masu gyaran talabijin da dikoda da inbata kan cika maƙil da kaya, kuma magana ɗaya ce a bakin masu kayan: wutar NEPA ta ƙona fanel. Wani mai gyaran ma tun bai kwance murfi ba zai gaskata zancen, ya yanka kuɗin sabon fanel, ko ya ce a haƙura a sayi wata. Babu mai musun cewa wutar da ke hawa da sauka tana ɓarna. Amma da yawa daga abin da muke kira ƙonewa, babu abin da ya ƙone a ciki. Kafasita ce ɗaya ko biyu suka gaji, alhali kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Su ne 'yan ƙananan gwangwanayen nan da ke tsaye a kan fanel, musamman a ɓangaren da wuta ke shigowa. A cikin kowace akwai fallayen alminiyam biyu da aka naɗe tare da takarda mai jiƙe da wani ruwan sinadari. Aikinta irin na tankin ruwan da ke saman gida ne: famfon gwamnati ya zo da ƙarfi ko ya yi rauni, na cikin gida yana zuba daidai. Haka take tara wuta ta riƙa sakinta lami lafiya ga sauran kayan fanel. Matsalar ita ce ruwan nan na cikinta yana bushewa a hankali, kuma zafi ne ke gaggauta bushewar.

Masu ƙera ta suna rubuta iyakar zafin da za ta jure a jikinta, yawanci digiri 85 ko 105, kuma da yawa an auna su ne a kan awa 2,000 a wannan zafin. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce, duk ragin digiri 10 yana ninka kwananta sau biyu, duk ƙarin digiri 10 kuma yana raba shi biyu. A ce cikin akwatin talabijin ya kai digiri 65. Mai lamba 105 za ta yi kusan awa 32,000, fiye da shekara uku da rabi ana kunne ba dare ba rana. Mai lamba 85 kuwa awa 8,000 ce, ba ta cika shekara ba. To a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40 a inuwa, mai gida ya jingina talabijin da bango, uwargida ta lulluɓe dikoda da ƙyalle saboda ƙura, me ake tsammani?

Alamomin gajiyar kafasita ba ɓoyayyu ba ne. Talabijin ta riƙa ƙin tashi sai an kunna sau uku ko huɗu, jar fitilar gaba tana ƙyaftawa, ko a ji tana ƙas-ƙas, in ta ɗumama kuma ta yi aiki kamar ba ita ba. Abin da wuta ta ƙona farat ɗaya yake mutuwa, wannan kuwa makonni yake yi yana jan jiki.

Inda na fi damuwa shi ne yadda ake binciken. Yawancin yaran shago ido kawai suke sa wa: in kan kafasita ya kumbura ko ta zubar da wani abu mai ruwan ƙasa, a cire ta, in kanta a shafe yake, a ce lafiyarta lau. Kumburi shaida ce, amma rashinsa ba shaida ba ne. Ƙananan sukan bushe ƙamas ba tare da sun canja kama ba. Ko mitar da ke auna yawan wutar da take ɗauka tana iya yaudarar mutum, domin tanki na iya cika fal amma bututun fitarsa ya toshe, ruwa na ɗiga maimakon ya zuba. Wannan toshewar ita ake kira ESR, tana da mitarta daban, kuma sau da yawa ana iya aunawa ba tare da an cire kafasitar daga fanel ba. Shagon da ba shi da wannan mita yana yi wa mutane lalube ne da kuɗinsu.

Wajen canji, adadin mikrofarad ya zama daidai da na tsohuwar, bolt kuwa daidai ko sama, ba ƙasa ba. A ɓangaren wuta a nemi mai lamba 105 wadda aka yi domin wurin. Tana da kai da gindi: layin da ke gefenta yana nuna ƙafar nagatif, in aka juya ta tana iya fashewa. Babbar da ke kusa da mashigar wuta kuwa tana iya riƙe sama da bolt 300 ko bayan an zare soket, don haka sai an sauke mata caji ta hanyar rezisto, an auna an tabbatar, kafin hannu ya kai wurin. Masu gittawa da sukundireba suna wasa da idonsu da kuma fanel ɗin.

Wannan ciwo ya taɓa girgiza manyan kamfanonin duniya. Daga wajen 1999 zuwa 2007 kwamfutoci masu ɗimbin yawa sun mutu tun ba su tsufa ba. A 2003 mujallar IEEE Spectrum ta ba da rahoton cewa wasu masana'antun Taiwan sun yi amfani da haɗin sinadarin da aka sato daga Japan, kuma ba a sato shi cikakke ba. Ruwan ya riƙa cin alminiyam yana haifar da iskar haidurojin har gwangwanin ya kumbura. Kamfanin Dell shi kaɗai ya ware kusan dala miliyan 300 a 2005 domin gyaran kwamfutocinsa na OptiPlex da kafasitocinsu suka lalace.

A can an sami wanda ya biya. A kasuwanninmu kuwa jabun kafasita na shigowa da sunan fitattun kamfanoni a jikinta, har akwai wadda in aka yanka gwangwanin sai a tarar da ƙarama a ɓoye ciki. Mai gyara ya sa ta da gaskiyarsa, bayan 'yan watanni kaya ya dawo, mai kaya ya kira shi macuci. Hukumar SON, wadda ingancin kayan da ake shigowa da su ke wuyanta, ya kamata ta leƙa rumfunan masu sayar da waɗannan ƙananan kaya kamar yadda take leƙa na waya da taya. Kafin nan, duk wanda aka ce wa fanel ɗinsa ya ƙone yana da haƙƙin ya ce a nuna masa wurin ƙunar, ya kuma tambaya ko an auna kafasitocin.