Masu Zanen Almara da Ƙwaƙwalwarsu Ta Bambanta: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Dodon nan mai fukafukai da ke aman wuta a bangon littafi, ko jarumar da ke riƙe da takobi a wasan kwamfuta, wani ne ya zauna ya zana su, aka kuma biya shi. Sana'a ce mai zaman kanta, ta zana abin da ido bai taɓa gani ba: aljanu, dodanni, biranen da ke lilo a sararin sama. Manyan kasuwanninta suna Amurka da Turai da Japan, wajen maɗaba'un littattafai da kamfanonin fim da na wasanni. Wasan Dungeons & Dragons ya fito a 1974, wasan katin Magic: The Gathering kuma a 1993, kuma har yau suna ba masu zane aiki.

A cikin masu wannan sana'a akwai waɗanda ƙwaƙwalwarsu ke aiki ta wata hanya dabam. Akwai masu otizim, wanda wasu ke kira galahanga. Su hayaniya da haske mai ƙarfi da sauyin bazata kan gajiyar da su, amma idan suka kama abu sukan bi shi har ƙarshensa. Akwai masu ADHD, waɗanda hankalinsu ke tarwatsewa a kan abin da bai ja su ba, ya kuma kafe na sa'o'i a kan abin da ya ja su, har su manta da abinci. Akwai masu disleksiya, wato wahalar haɗa haruffa su zama karatu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke nufin daƙiƙanci, balle rashin tarbiyya.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne yanayin da Adam Zeman, likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Exeter ta Ingila, ya raɗa wa suna afantasiya a 2015. Mai shi idan ya rufe ido aka ce ya hango doki, ba ya ganin komai. Ya san doki sarai, ya san ƙafafunsa huɗu ne, amma hoto ba ya zuwa. Kowa zai ɗauka irin wannan mutum shi da zane sai dai kallo. To, Glen Keane, tsohon mai zane a kamfanin Disney, wanda ya zana yarinyar ruwa Ariel a fim ɗin The Little Mermaid na 1989, ya kuma ci kyautar Oscar a 2018, haka ƙwaƙwalwarsa take. Ba ya kwafo hoto daga kansa. Yakan fara da zane-zane barkatai a takarda, ya yi ta ja yana gogewa, har siffar ta fito, ya gane ta idan ya gan ta. Ed Catmull, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin fim na Pixar, shi ma ya bayyana a 2019 cewa haka yake. Duk matashin da ya ajiye fensir don wai ba ya "gani a zuci" ya kamata ya ji labarin nan.

Dav Pilkey, wanda aka haifa a jihar Ohio a 1966, yana da ADHD da disleksiya. A firamare sau da yawa akan kore shi daga aji a zaunar da shi a baranda, kuma a nan ya fara zana Captain Underpants, wanda ya zama littafi a 1997. Jerry Pinkney na Filadelfiya ya sha wahalar karatu tun yana yaro, ya girma ya yi wa littattafai fiye da 100 zane. Na farkonsu, a 1964, tatsuniyoyin gizo-gizo ne na Afirka ta Yamma, dangin Gizonmu na Ƙoƙi. A 2010 ya ci lambar Caldecott da labarin zaki da ɓera, littafin da kusan babu rubutu a cikinsa.

Sai dai kada waɗannan sunaye su ruɗe mu. Ba kowane mai otizim ne gwanin zane ba, kuma masu kiran yanayin baiwa zalla suna ɓoye wahalar da ke cikinsa. Wani bita da gwamnatin Birtaniya ta fitar a 2024 ya nuna cewa kimanin 3 cikin 10 ne kawai na masu otizim da suka isa aiki suke da aikin yi.

Abin da ke raba irin waɗannan mutane da zane ba kasafai yake zama ƙarancin basira ba. Gajiya ce. Mutum ya shekara yana ɓoye halinsa don ya yi kama da kowa: yana tilasta wa kansa kallon idon mutane, yana jure hayaniyar ofis, yana haddace abin da zai faɗa kafin ya buga waya. Rannan sai ƙarfin ya ƙare. Binciken Dora Raymaker da abokan aikinta na 2020 ya siffanta wannan durƙushewa a masu otizim da alamu uku: gajiya mai daɗewa, ɓacewar ƙwarewar da mutum yake da ita, da kasa jure ƙara ko haske, kuma takan kai wata uku ko fiye. Mai zane a wannan hali yakan ɗauka hannunsa ya mutu, alhali jikinsa ne ke neman hutu. Wasu sai sun girma likita yake gano yanayinsu, a lokacin ne suke fahimtar cewa abin da aka yi ta kira lalaci yana da dalili.

Komawa ga zane kan fara ne da abu ƙarami. Ƙaramin littafin zane da ba wanda zai gani, minti goma ko sha biyar a rana, a kan abin da zuciya ke so ko da dodo ɗaya ne ake ta maimaitawa. Wannan nacin a kan abu guda, wanda aka sha yi wa yaro faɗa a kai, shi ne jari a sana'ar almara, domin wanda ya san yadda gaɓoɓin fiffiken jemage suke shi zai zana dodon da mai kallo zai yarda da shi. Masu ADHD da yawa sun fi iya aiki idan wani na zaune kusa yana nasa aikin, ko da ta bidiyo ne. Kayan aiki ma sun yi sauƙi: manhajar Krita kyauta ce, fensir da takarda kuma sun isa a fara.

Wurin da tuntuɓe ya fi yawa shi ne ɓangaren da ba zane ba: amsa saƙo, yanke farashi, cika wa'adi, bin bashi. A ganina nan ya kamata a fi ba da ƙarfi. A nemi daraktan zane ya rubuto abin da yake so dalla-dalla maimakon bayanin baki. A raba aiki mataki-mataki, daga zayyanar farko zuwa launi, kowanne da ranarsa. A karɓi kafin alƙalami. A rubuta sau nawa za a yi gyara kafin kuɗi ya ƙaru, a kuma duba ko yarjejeniyar ta bar wa mai zane haƙƙin mallaka ko ta miƙa wa kamfani dungurungum. Wanda lissafi ke rikita shi ya samu wakili ko amintaccen ɗan'uwa ya riƙe masa. Kundin da za a nuna wa masu ba da aiki ya ƙunshi zane kaɗan masu kyau, irin aikin da ake son a samu. Wasu kuma suna kauce wa matsin wa'adi ta hanyar Patreon, wanda aka kafa a 2013, inda masoya ke biyan wani abu duk wata.

Akwai sabon ƙalubale. Tun 2022 manhajoji irin su Midjourney da Stable Diffusion suke fitar da hoto cikin daƙiƙoƙi, kuma masu zanen almara na cikin waɗanda abin ya fara taɓawa. An yi ta amfani da sunan Greg Rutkowski na Poland don kwaikwayon salonsa ba da izininsa ba. A Janairun 2023 Karla Ortiz da wasu masu zane biyu suka kai ƙarar kamfanonin waɗannan manhajoji kotu a Amurka. A Agustan shekarar, kamfanin Wizards of the Coast ya hana masu yi wa Dungeons & Dragons zane amfani da irin waɗannan manhajoji. Mai shigowa sana'ar yanzu ya riƙa adana zayyanarsa ta farko da matakan aikinsa, domin su ne shaidar cewa hannunsa ne ya yi.