Matasanmu da Wayar Hannu: Su Wa Ke Ganin Abin da Ake Sakawa?

Lokacin da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, kira kawai ake yi da ita. Daga baya samari suka shiga 2go, sannan Facebook da WhatsApp, yanzu kuma ga TikTok. A Runka da ƙauyukan Safana da Batsari, matashi kan yi amfani da su domin gaisawa da yayansa da ke ci-rani a Legas, ko jin farashin hatsi, ko sanar da rasuwa da ɗaurin aure. Da su kuma ake gargaɗin juna idan an ga babura sun fito daga dajin Rugu. Mun san amfaninsu sosai a watan Satumba na 2021, sa'ad da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da namu biyu. Mutane sun yi ta tafiya mai nisa domin kira ɗaya tak.

Saboda haka ba cewa muke yi a ƙwace wa yara waya ba. Abin da ya dame mu shi ne wanda ke kallo.

A wasu wurare, idan yaro ya yi sakaci da sirrinsa, kunya ce kawai za ta same shi. A nan abin ya wuce haka. Masu garkuwa da mutane suna yanka kuɗin fansa gwargwadon abin da suka ji gida yana da shi. To, a duba irin abin da ake sakawa cikin murna: hoton buhunan da aka tara bayan girbi, sabon babur a ƙofar gida, godiya ga kawu da ya aiko da kuɗi, ranar da za a kai amarya da hanyar da za a bi. Kowanne shi kaɗai ba komai ba ne. In an haɗa su, an san gidan, an san ƙarfinsa, an san ranar da mutanensa za su hau hanya. Gaskiya ne yawancin labari ta bakin mutane yake isa daji, ba ta intanet ba, amma babu dalilin da zai sa mu sauƙaƙa wa infoma aikinsa.

Matasa da yawa suna ɗauka cewa abokansu ne kawai ke gani. A Facebook, duk rubutun da ke da alamar ƙwallon duniya a kusa da shi, kowa na iya ganinsa, har wanda ba a taɓa sani ba. Ana iya canza wannan a mayar da shi na abokai kaɗai. Amma su wa ne abokan? Facebook yana barin mutum ya tara har 5,000, wasu kuwa suna karɓar duk wanda ya nema domin a ce sun yi suna. Hoton kyakkyawar budurwa a kan shafi ba shaida ba ne cewa budurwa ce ke riƙe da wayar. A WhatsApp ma, sitatus yana ɓacewa bayan awa 24, sai dai wanda ya riga ya ɗauki hotonsa ya ajiye ke nan. Haka zauren da ke da mutum ɗari biyu, kasuwa ce, ba ɗaki ba.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Da yawa ba su ne suka buɗe wa kansu shafin ba. Aboki ne ko mai shagon caji ya buɗe musu, shi ya zaɓi kalmar sirrin, har yau kuma ba a canza ta ba. Wayar kanta takan wuni a wurin caji ba kulle, da hotuna da saƙonnin banki a ciki. 'Yan mata ne suka fi cutuwa a nan, domin hoton da aka tura wa saurayi cikin amana yakan zama abin barazana ranar da aka ɓata. Iyaye, idan haka ta faru, duka ba ya dawo da hoto. Abin da yake yi shi ne hana ƙannenta faɗa muku nasu.

Tun daga Disamban 2020 gwamnati ta ce a haɗa kowane layi da lambar NIN ta mai shi. Wato duk abin da aka aikata da layin da ke da sunanka, kai za a fara nema. Kada a yi wa wani rajista da sunanka, in kuma waya ta ɓace a je a rufe layin. Idan wani ya kira ya ce ka karanto masa lambobi 6 da suka shigo wayarka, ko da ya ce daga ƙungiyar agaji yake kuma sunanka ya fito a tallafi, WhatsApp ɗinka yake son ɗaukewa, ya koma yana roƙon 'yan uwanka kuɗi da sunanka.