Ko Ka Sani? Allurar Mai Ba Ta Ganin Cikin Tanki

Ko ka san cewa allurar da ke nuna wa direba yawan mai ba mai take aunawa ba? Wutar lantarki take aunawa. A cikin tanki akwai wani ɗan ƙwallo marar nauyi da ke yawo a saman mai kamar ƙwarya a bakin tafki, an liƙa shi a jikin siririn ƙarfe. In mai ya ƙaru ya taso, in ya ragu ya bi shi ƙasa. Ɗaya bakin ƙarfen yana gogar wata naɗaɗɗiyar waya, yana rage ko ƙara wutar da ke isa ga geji.

A motar akori-kura mai tanki biyu lamarin ya fi sarƙaƙiya. Toyota Land Cruiser samfurin 79, wadda ta fito a 1999, sau da yawa tana zuwa da tanki biyu, kowanne lita 90. Irinta ce ake gani da lodi tana ratsa Batagarawa a hanyar Dutsin-Ma, ko ta nufi Jibiya da Maraɗi. Ga direban irin wannan hanya, geji ba ado ba ne. A 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, kuma tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kowace lita da lissafinta. In motar dizal ce ta shanye a daji, ko an samu jarka sai an tsaya cire iska kafin ta tashi.

Sai dai tanki biyun nan su ne babban mataimakin mai gyara, musamman a motar da geji ɗaya ke karanta duka biyun. Gwanin mai wayarin ba ya fara da sauke tanki. Makunnin sauya tanki yake dannawa, idonsa a kan allura. In ta yi daidai a tanki ɗaya ta yi ƙarya a ɗayan, gejin lafiyarsa ƙalau, ciwon yana can wajen tankin da ya ƙi. In duka biyun ta ƙi motsi, sai ya koma kan fiyus, makunnin, ko gejin kansa.

Mafi yawan lokaci abin bai taka kara ya karya ba. Wayar da aka ɗaure a jikin shasi ce ƙurar hunturu da taɓon damina suka sa ta yi tsatsa. A kwance ta, a goge har ƙarfe ya yi fari, a mayar. Wani lokaci kuma ƙwallon ne ya huje, ya sha mai ya nutse, allura ta kwanta ko da tanki ya cika fal.

Akwai tarkon da ke kama masu koyo. A tsofaffin Toyota, in aka taɓa wayar geji a jikin shasi na ɗan lokaci, allura sama take yi. A tsofaffin Chevrolet na Amurka kuwa ƙasa take faɗuwa, don an tsara su a juye. Shi ya sa ɗauko abin auna mai na wata mota a cusa a wata ganganci ne.

Wani sa'in ma allurar gaskiya take faɗa. In bawul ɗin sauya tanki ya maƙale, inji na iya sha daga tanki ɗaya, ragowar man da yake mayarwa ya zuba a ɗayan. Direba ya ga wannan yana ƙarewa da wuri, wancan yana tumbatsa, ya ɗora wa geji laifi. A nan tiyo da bawul za a bi. Kuma duk wanda zai buɗe tanki, ya fara cire kan batir, ya kori mai sigari daga wurin, don tankin fetur da ya kusa ƙarewa cike yake da tururi mai kama wuta.