Me Ya Sa Zuciyar Ɗan Adam Take Son Labari?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

'Yan uwa, duk wanda ya taɓa zama wurin karatu ya san wannan. Malam yana bayanin hukunci, wasu suna gyangyaɗi. Da zarar ya ce "an yi wani mutum a cikin Bani Isra'ila", sai ka ga kowa ya gyara zama. Yaro da tsoho, mace da namiji, duk haka suke.

Abin bai tsaya ga ƙabila ɗaya ba. Bahaushe yana da Gizo da Ƙoƙi. Maƙwabtanmu Asante suna da Ananse, shi ma gizo-gizo ne mai wayo, kuma bayin da aka kwashe daga wannan yanki sun tafi da labarinsa har Jamaika. Littafin Kalila wa Dimna asalinsa daga Indiya ne, ya shiga Farisanci, sannan Ibnul Muƙaffa ya mai da shi Larabci a ƙarni na biyu bayan Hijira. Harsuna daban, addinai daban, amma kowa da tatsuniyarsa. Wannan yana nuna mana cewa son labari halitta ce da Allah ya dasa a zuciya.

To, mene ne sirrin? Na farko, mai sauraro yakan sa kansa a matsayin wanda ake ba da labarinsa. In ka ji an jefa Annabi Yusufu a rijiya, sai ka ji kamar kai ne a ciki. Na biyu, in ka ce wa mutum "kai marowaci ne", nan take zai fara kare kansa. Amma ba shi labarin mai gonaki biyu na Suratul Kahfi, shi da kansa zai yanke wa kansa hukunci, ba tare da ka kunyata shi ba. Na uku, labari sarƙa ce, wannan ya jawo wancan, shi ya sa yake zama a ka. Ɗalibi yakan manta ma'anar ikhlasi da ya haddace, amma ba ya manta mutum ukun da dutse ya toshe musu bakin kogo, kowa ya roƙi Allah da aikin da ya yi don Shi kaɗai, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito.

Wanda ya halicci zuciya Shi ya fi sanin ƙofarta. Suratu Yusuf aya 111 ce, ƙissa ɗaya daga mafarki har cikar mafarkin, kuma ayarta ta ƙarshe ta bayyana cewa a cikin ƙissoshin Annabawa akwai izina ga masu hankali. A Suratu Hud, aya ta 120, Allah ya nuna cewa yana ba Manzonsa labarin manzanni ne don ya ƙarfafa masa zuciya. Idan Annabi (SAW) an ƙarfafa shi da ƙissa, ina ga ni da kai?

Sai dai ƙofar da gaskiya take shiga, ta nan ƙarya ma take bi. Littattafan Sira sun kawo cewa Nadru ɗan Harisu yakan zauna a Makka yana ba Ƙuraishawa labarin Rustum da Isfandiyar na Farisa, don ya ɗauke hankalinsu daga Alƙur'ani. Daga baya kuma aka sami masu wa'azi da suke ƙaga labari su jingina wa Annabi don jama'a su yi kuka, har Ibnul Jauzi, wanda ya rasu a shekara ta 597 bayan Hijira, ya rubuta littafi musamman a kansu.

Don haka mu bambanta abu uku. Akwai ƙissar Alƙur'ani da ingantaccen hadisi, wannan gaskiya ce tsantsa. Akwai tatsuniya, wadda tun daga "ga ta nan ga ta nanku" yaro ya san ƙage ce, in tana koyar da halin kirki babu laifi. Sannan akwai ƙarya da aka sa wa rigar addini, ita ce musiba. Irinta ce take yawo yau a WhatsApp, a ce wani ya yi mafarki, wanda bai tura wa mutum goma ba zai ga bala'i. Annabi (SAW) ya yi gargaɗi da wuta ga wanda ya yi masa ƙarya da gangan. Daɗin labari ba hujjar ingancinsa ba ne.

Ɗalibai, kafin ku ba da ƙissa ku tambayi malaminku a wane littafi take. Iyaye kuma, yaranku ba za su kwana ba labari ba. In ba ku ba su ba, waya za ta ba su. Ko minti goma ne bayan sallar Isha'i, a zauna da su.

Allah ya sa mu amfana da abin da muke ji. Wallahu a'alam.