Ƙofar Sashen Turanci da Ƙofofin Maƙwabtansa

Galibin iyaye, idan aka ce ɗansu yana neman gurbi a tsangayar adabi da harsuna, sukan zaci sharaɗi ɗaya ne ya game dukkan sassanta, alhali kuwa tsakanin mai neman digirin Turanci da mai neman na Tarihi ko Larabci ko Hausa akwai bambancin da ya isa ya sa yaro zaman shekara guda a gida. Asalin ƙa'ida dai ɗaya ce a jami'o'in Nijeriya: kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, har da harshen Turanci, a zaman da bai wuce biyu ba, sa'an nan jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, inda ɗalibi yake amsa darussa huɗu a kan maki 400. Daga nan ne hanyoyi suke rabuwa.

Shi sashen Turanci ya lazimta wa mai nemansa darasin adabin Turanci, a takardar sakandare da kuma cikin darussa huɗun nan, kuma matsayin wannan darasi a wurinsa kamar matsayin alwala ne ga salla: kome kyawun sauran sakamako, in babu shi nema bai inganta ba. Hujjar malaman sashen kuwa mai ƙarfi ce, domin wanda za a ɗora wa nazarin wasannin Shakespeare da littattafan Chinua Achebe da Wole Soyinka har shekara huɗu, lalle ya kamata a ce ya taɓa zama da littafi guda ya feɗe shi tun daga jigo har salo, iya nahawu kaɗai ba ya wadatarwa. Illar tana wani wuri dabam. Zaɓen darussa ana yin sa ne a ajin farko na babbar sakandare, lokacin da yaro bai san me ake nufi da sashe ba, kuma akwai makarantun da ba su da malamin adabi ko ɗaya, saboda haka sai a yanke wa yaro hukunci shekara uku kafin ya san an yi shari'ar.

Maƙwabtan sassa sun fi sassauci. Jami'o'i da dama sukan karɓi darasin Gwamnati a madadin Tarihi, wanda kuwa rangwame ne da ya zama tilas, tun da an daɗe da raunana koyar da Tarihi a makarantu. Mai neman Larabci ko Nazarin Addinin Musulunci yana iya zuwa da takardar hukumar jarrabawar Larabci da Addinin Musulunci, wato NBAIS, kuma ba abin mamaki ba ne a ga waɗannan fannoni da ƙarfi a Jami'ar Bayero, wadda tushenta kwaleji ce da aka fara a 1960 cikin harabar Makarantar Nazarin Larabci ta Kano. Akwai kuma ƙofar shiga aji biyu kai tsaye ga mai takardar shaidar malanta ta NCE, ko wanda ya ci jarrabawar IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello take gudanarwa.

In muka leƙa waje za mu tarar mas'alar tana nan, sai dai kowa da irin fatawarsa. A Ingila, Jami'ar Oxford tana neman daraja ta A a darussa uku ga Turanci da Tarihi baki ɗaya, amma adabi farilla ne ga mai neman Turanci, shi kuwa darasin Tarihi mustahabbi ne kawai ga mai neman Tarihi. Watau can ma ƙofar Turanci ce ta fi ƙunci. A Amurka kuwa yawancin jami'o'i ɗalibi suke ɗauka ba tare da ɗaure shi da sashe ba, sai wajen ƙarshen shekara ta biyu ya bayyana fannin da zuciyarsa ta natsu da shi. A ganina wannan ya fi adalci ga yaro ɗan shekara goma sha shida, ko da yake tsari ne mai cin kuɗi da malamai, ba kuwa kowace ƙasa ce za ta iya ɗaukar nauyinsa ba.

Ba na kira da a sauke sharaɗin adabi, domin sashen da ya zubar da shi ya zubar da kansa. Kirana ga shugabannin makarantu ne da iyaye: a buɗe kundin sharuɗɗan JAMB a gaban yara tun ranar da za su zaɓi darussa, a karanta musu abin da kowane sashe yake bukata, kuma makarantar da ba ta da malamin adabi ta faɗa wa iyaye gaskiya tun kafin a biya kuɗin rajista.