Daƙiƙa Goma da Tauraruwa: Yadda Japanawa Ke Son Mawaƙansu

A Japan akwai wani rukuni na matasan mawaƙa da ake kira "aidoru", kuma sana'arsu ta sha bamban da ta sauran mawaƙa. Galibi yarinya ce 'yar shekara goma sha uku zuwa ashirin da 'yan kai, wadda kamfani zai ɗauko tun ba ta goge a waƙa ko rawa ba, ya tsayar da ita gaban jama'a su riƙa kallon yadda take koyo, tana tuntuɓe tana tashi, har ta zama wani abu. Rashin gogewar nan shi ne ma abin da ke jawo masoya. Mutum yakan duba cikin taron 'yan matan ya zaɓi guda, ya ce wannan ce tasa, ya bi ta shekara da shekaru da kuɗinsa da lokacinsa. Wadda aka zaɓa ɗin ita ake ce wa "oshi", wato wadda mutum ya tsaya wa. Akwai samari masu wannan sana'a, waɗanda yawancin masoyansu mata ne, sai dai yadda harkar take tafiya ya fi fitowa fili a ɓangaren 'yan mata.

Harkar ta kafu ne a 1971, lokacin da gidan talabijin na Nippon TV ya fara wani shiri mai suna "Star Tanjo!", inda yara 'yan makaranta ke gwada waƙa a gaban wakilan kamfanoni. Daga nan Momoe Yamaguchi ta fito, ta yi tashen da ba a taɓa gani ba. A watan Oktoban 1980, tana da shekara 21, ta yi wasan bankwana a zauren Nippon Budokan da ke Tokyo, ta ajiye makirufo a kan dandali, ta auri ɗan fim Tomokazu Miura, ba ta sake komawa dandali ba. A shekarar ce Seiko Matsuda ta ɓullo, wadda waƙoƙinta 24 a jere suka zo na ɗaya a jadawalin cinikin faifai na Oricon, 'yan mata kuma a duk faɗin ƙasar suka riƙa yanke gashi irin nata. Masoyan wancan zamani suna da ƙungiyoyi masu shugabanni da muƙamai. Sukan sa riguna iri ɗaya, su ɗaura ƙyalle a goshi, su kira sunan tauraruwarsu da murya ɗaya a daidai gaɓar da aka tsara cikin waƙa. Zurfin abin ya bayyana a watan Afrilun 1986, sa'ad da Yukiko Okada, 'yar shekara 18, ta kashe kanta a Tokyo, matasa da dama kuma suka bi sahunta a makonnin da suka biyo baya, har maganar ta kai zauren majalisar dokoki.

Duk da haka, tauraruwar wancan lokaci daga nesa ake hango ta, a talabijin ko a bangon mujalla. Wanda ya rushe wannan katanga shi ne Yasushi Akimoto, marubucin waƙoƙi kuma ɗan kasuwa. Ranar 8 ga Disamban 2005 ya buɗe wani ɗan ƙaramin zaure a hawa na takwas na kantin Don Quijote da ke unguwar Akihabara a Tokyo, ya zuba 'yan mata a ciki da sunan AKB48, ya ce waɗannan taurari ne da kowa zai iya zuwa ya gani ido da ido. A ranar farko mutum bakwai ne kacal suka sayi tikiti. Zauren mutum 250 yake ɗauka, kuma akwai wasu ginshiƙai biyu a gaban dandalin da ke tare wa 'yan kallo gani. Masoya ba su ɗauki ginshiƙan a matsayin cikas ba, sun ma mayar da su abin alfahari, domin duk shekara akan ƙara liƙa musu zirin tef ruwan hoda guda ɗaya, alamar ƙungiyar ta ƙara shekara. Kusan kullum ake wasa a wurin, kuma da abin ya karɓu sai da aka koma raba tikiti ta hanyar ƙuri'a.

Ginshiƙin cinikin kuwa shi ne taron musabaha. Japanawa ba su saba gaisawa da hannu ba, rusunawa suke yi, don haka riƙe hannun tauraruwa babban abu ne a wurinsu. Tikitin shiga taron yana zuwa ne tare da faifan CD. Akan kama katafaren zaure irin Makuhari Messe da ke Chiba, a raba shi layi-layi, kowane layi da sunan yarinya a samansa. Masoyi zai bi layin tasa, wani lokaci na sa'o'i, a duba jakarsa, ya buɗe tafukan hannunsa a gani. Idan ya iso gabanta, tikiti ɗaya daƙiƙa goma yake saya masa ko ƙasa da haka. Akwai ma'aikaci riƙe da agogo, akwai kuma wanda aikinsa kawai shi ne ya dafa kafaɗar mutum ya janye shi idan lokaci ya cika. Saboda haka mutane kan kwana suna bitar abin da za su faɗa, jimla ɗaya ko biyu, wasu kuma da sun isa sai bakin ya mutu. Mai tikiti goma zai iya haɗa su ya sami kamar minti ɗaya da rabi. Babbar riba a wajen masoyi ita ce ranar da yarinyar za ta ɗago kai ta kira sunansa ba tare da ya faɗa mata ba, ko ta tambaye shi yadda jarrabawar da ya ba ta labari a watan jiya ta kasance.

A 2009 Akimoto ya zo da wani sabon salo. Masoya sun daɗe suna ƙorafin cewa shi ke zaɓen 'yan lelensa ya sa su gaba a kowace waƙa, sai ya ce to, su zaɓa da kansu. Aka ƙirƙiro babban zaɓe na shekara-shekara, inda waɗanda suka fi ƙuri'a za su rera waƙa ta gaba, wadda ta zo ta ɗaya kuma ta tsaya a tsakiya. Amma zaɓen ba na mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya ba ne. Mafi yawan ƙuri'un a cikin kwalin faifai suke, kowanne da lambarsa, kuma ba a ƙayyade yawan faifan da mutum zai saya ba. Atsuko Maeda ta lashe na farko da ƙuri'a 4,630. Bayan shekara biyu, da ta sake lashewa, ƙuri'unta sun kai 139,892. Daga 2012 gidan talabijin na Fuji TV ya fara nuna sanar da sakamakon kai tsaye, miliyoyin mutane na kallon 'yan mata suna hawa dandali ɗaya bayan ɗaya, suna kuka suna godiya. A 2017 Rino Sashihara ta ciri tuta da ƙuri'a 246,376, karo na huɗu ke nan da ta zo ta ɗaya.

Bayan waɗannan alƙaluma akwai aiki ja. A shekarun da ake yin zaɓen, masoyan kowace yarinya sukan kafa kwamitin yaƙin neman zaɓe, su yi karo-karo, su sayo faifai kwali-kwali, su zauna a ɗaki ana farke leda ana shigar da lambobi a intanet har gari ya waye. An sami masu tara albashin watanni saboda wannan zaɓe, gudummawa mai kauri kuma ta riƙa zuwa daga masoya na ƙasar Sin. Abin ya yi kama da liƙi a wajen biki, sai dai nan ana ƙirga kowane kwabo a sanar wa duniya, kuma matsayin wadda aka yi wa liƙin a shekara mai zuwa ya rataya ne a kan jimlar. Ta wannan hanya faifan AKB48 ya riƙa haura miliyan ɗaya a ciniki, waƙa bayan waƙa, tun daga 2011, a lokacin da kasuwar CD ke durƙushewa a sauran duniya. Faifan kansa kuwa, da zarar an zare takardar ciki, ya zama kaya. A 2017 'yan sanda a lardin Fukuoka sun tuhumi wani mutum da zubar da faifai 585 a kan wani tsauni. Masu suka sun ce jadawalin Oricon ya daina nuna waƙar da mutane ke saurare, ya koma nuna aljihun masoya, kuma da gaskiyarsu.

Kuskure ne a ɗauka duk masu wannan hidima gwauraye ne marasa abin yi, kamar yadda ake yawan zana su. Akwai ma'aikatan ofis, akwai ɗalibai, akwai mata da yawa masu bin taurari mata. A wajen wasa kowa na riƙe da 'yar sandar fitila, a kunna launin da aka san tauraruwar da shi, a yi kirari da amshi da wata rawar hannu ta musamman da masoya suka ƙirƙira wa kansu. Ranar zagayowar haihuwarta kwamiti ne ke shirya furanni da katunan gaisuwa. Mutumin da ke tashi daga aiki ƙarfe goma na dare, a birnin da maƙwabci bai san sunan maƙwabci ba, yakan sami abokai da abin sa rai a wannan da'ira. A ƙasa da manyan ƙungiyoyi kuma akwai ɗaruruwan ƙanana da ke wasa a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa gaban mutum talatin ko hamsin, waɗanda abincinsu ke fitowa daga hoton nan-take da masoyi zai biya ya ɗauka tare da yarinyar, ta sa masa hannu a jiki. Marubuciya Rin Usami ta ci kyautar adabi ta Akutagawa a farkon 2021, tana da shekara 21, da wani littafi kan 'yar sakandare da ta jingina rayuwarta kacokan a kan wani tauraro.

Inda gizo ke saƙar shi ne, wanda ya kashe dukiyarsa ya ɗaga mutum yakan fara jin yana da haƙƙi a kansa. Daga nan dokar hana soyayya ta samo ƙarfinta: ana son tauraruwa ta zauna ba saurayi, domin kowane masoyi ya ci gaba da jin tasa ce. A 2012 mujallar Shukan Bunshun ta buga labarin wani da ya ce tsohon saurayin Sashihara ne, nan take aka tura ta ƙungiyar HKT48, ƙanwar AKB48 da ke Fukuoka. Masoyanta suka tsaya mata, bayan shekara guda ta lashe zaɓe. Minami Minegishi, ita ma 'yar AKB48, ba ta yi wannan sa'ar ba. A ƙarshen Janairun 2013, bayan mujallar ta buga hotonta tana fitowa daga gidan wani saurayi, ta aske kanta ƙwal, ta bayyana a YouTube tana kuka tana neman gafara, aka kuma mayar da ita matakin 'yan koyo. Tana da shekara 20 a lokacin, kuma ba ta karya dokar ƙasa ko ɗaya ba. Kotuna ma sun rabu a kan batun. A 2015 wata kotu a Tokyo ta umarci wata yarinya 'yar shekara 17 ta biya kamfaninta yen 650,000 saboda ta yi saurayi, a farkon 2016 kuma wani alƙali a birnin ya yanke cewa irin wannan sharaɗi tauye 'yancin mutum ne na neman farin cikinsa.

Kusancin da ake sayarwa yana da haɗarinsa na zahiri. A watan Mayun 2014 wani mutum ya zaro zarto a taron musabahar AKB48 a lardin Iwate, ya raunata Rina Kawaei da Anna Iriyama da wani ma'aikaci, abin da ya sa aka tsaurara bincike a ƙofa. A 2016 wani ya daddaɓa wa wata matashiyar mawaƙiya wuƙa a Koganei bayan ta mayar masa da kyautar da ya aika mata. Ta rayu, kuma a ƙarshen shekarar aka gyara dokar hana bibiyar mutane ta haɗa da saƙonnin kafafen sada zumunta. A Disamban 2018 wasu maza biyu suka far wa Maho Yamaguchi ta ƙungiyar NGT48, wata ƙanwar AKB48, a ƙofar gidanta a Niigata. Da ta fito ta faɗa a watan Janairu, ita ce aka gani a kan dandali tana ba da haƙuri don ta tayar da ƙura. Wannan ya harzuƙa jama'a ƙwarai, kuma a tsakiyar dambarwar aka sanar cewa ba za a yi babban zaɓe a 2019 ba. Na 2018, wanda Jurina Matsui ta lashe, shi ne na ƙarshe.

Tauraruwa ba ta tsufa a wannan sana'a. Idan lokaci ya yi sai a yi mata bikin yaye, ta sa doguwar riga ta yi bankwana, masoyanta wasu su bi ta zuwa fim ko talabijin, wasu su zaɓi wata sabuwa daga cikin 'yan koyo. Annobar korona ta 2020 ta dakatar da musabaha, aka koma gajeriyar hira ta bidiyo a waya, ita ma da tikiti da agogo, kafin daga baya a dawo ganawa ido da ido. Tsarin ya ƙetare teku tun tuni, da JKT48 a Jakarta daga 2011 da BNK48 a Bangkok daga 2017. Ita kuwa Sashihara, wadda aka yaye a watan Afrilun 2019 da babban wasa a filin wasa na Yokohama, tun 2017 ta kafa tata ƙungiyar 'yan mata mai suna =LOVE, tana rubuta musu waƙoƙi, kuma su ma faifansu da tikitin ganawa ake sayar da shi.