3.4 Bambance Motsin da Ruwa ke Jawowa da Motsin Ɓawon Duniya

A sashen da ya gabata an nuna yadda na'urar GPS da aka kafe wuri guda take auna matsayinta har zuwa milimita. Abin tambaya a nan shi ne, idan awo ya nuna ƙasa ta motsa, me ya motsa ta? Tambayar ta ƙara nauyi tun bayan girgizar ƙasar da aka ji a Kwoi a 2016 da ta Mpape a Abuja a 2018, domin wanda ya kasa bambancewa zai iya tsorata jama'a a banza.

Motsi na farko shi ne na ɓawon duniya. Ɓangaren da Nijeriya take kansa, wanda masana ke kira Nubiya, yana tafiya arewa maso gabas da sama da santimita 2 a shekara. Tafiya ce ta gefe, ba ruwanta da damina ko rani.

Na biyu kuwa, wato na ruwa, ya fi wuyar sha'ani. Ƙasar Bichi da Ɗambatta da Kunci, inda gonaki ke haɗe da juna, tana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri. Daga Yuni zuwa Satumba ruwan sama kan jiƙa gonaki, ya cika kududdufai da fadamu da madatsai irin su Tomas da Watari. Nauyin wannan ruwa yakan danne dutsen ya yi ƙasa da 'yan milimitoci, kamar mutum ya zauna a kan katifa. Da rani ya yi, sai ya ɗago. Amma a gabas, wajen Haɗeja, inda yashi da laka suka yi kauri, abin na iya juyewa: ruwa ya shiga tsakanin ƙwayoyin yashi ƙasa ta kumbura, a zuƙe shi da burtsatse ta lotsa. Ke nan ruwa guda yana iya saukar da wata tasha, ya ɗaga wata.

Hanyar rabewa ita ce a duba fuskar motsin da lokacinsa. Wanda ke hawa da sauka kowace shekara na ruwa ne, sai a cire shi. Wannan yana buƙatar awon aƙalla shekara biyu da rabi. Har ila yau, akan gwada sakamakon da na taurarin GRACE, waɗanda suka auna sauyin nauyin ruwan ƙasa daga 2002 zuwa 2017, kafin magadansu su hau a 2018. Sai dai idonsu bai ganin abin da bai kai kilomita 300 ba, balle ya raba Bichi da Ɗambatta.

Inda gizo ke saƙa shi ne fari mai tsawo, irin na 1972 zuwa 1973. Idan ruwa ya yi ta raguwa shekara da shekaru, ƙasa za ta yi ta ɗagowa a hankali, ta yi kama da motsin ɓawon duniya. A nan littafin ruwan sama da awon zurfin rijiyoyin ƙauye sun fi kowace na'ura amfani, ga shi kuwa ba kasafai ake adana su ba. Tasoshin da Ofishin Babban Safiyo na Tarayya ya fara kafawa a 2008, irin na Zariya da Katsina, suna wajen wannan yanki, don haka da su za a yi kwatance a sashe na gaba.